An sa min Linux Mint a tsohuwar laftof, yanzu yaya ake saka abubuwan da babu?

Abban Ilham:
Salamu alaikum jama'ar gida, don Allah a taimaka min. Ina da ɗan shagon buga takardu a bakin makaranta, fotokwafi da taifin da furojet ɗin ɗalibai. Laftof ɗina ta tsufa, Windows 11 ba ta hawa kanta saboda ba ta da TPM, wata 'yar na'urar tsaro da take buƙata, ita kuma Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina mata sabuntawar tsaro, to ƙanina da ya zo hutu sai ya goge komai ya sa min Linux Mint 22 a madadin Windows, ya koma makaranta ya bar ni da ita. Gaskiya ta yi sauri, fankar ma ta daina ihun nan. Amma wifi ba ya kamawa, bidiyon bikin da aka kawo min in kwafa a filashi ya ƙi buɗewa, salon rubutun nan Times New Roman babu ita, kuma kowane ɗalibi ita malaminsa ya ce a yi masa da ita. Na ɗauko setup ɗina na da, na danna na danna shiru. Jiya wata ɗaliba ta fi rabin awa a tsaye a kaina, ƙarshe ta karɓi filashinta ta shiga shagon maƙwabci ina kallo. Yaya ake saka manhaja a abin nan cikin sauƙi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Malam. Ajiye setup ɗin nan tukuna, duk abin da ya ƙare da exe na Windows ne, ba zai hau ba. A Mint ba a yawon neman manhaja a intanet, akwai Software Manager, kamar Play Store na waya, ka rubuta sunan abu ka danna install ka sa fasuwod shi ke nan. Amma sai da intanet, don haka wifi za mu fara. Haɗa wayarka da laftof da kebul ɗin caji, ka shiga saitin wayar ka kunna USB tethering, nan take za ta samu data. Sai ka buɗe Driver Manager, zai duba ya nuna maka direban da ya dace da katin wifi ɗinka, ka zaɓa ka kashe ka kunna. In ƙanin naka ya bar filashin da ya sa Mint da shi ma, soka shi, yana iya ɗaukowa daga can ba tare da data ba.

Ɗan Kasuwa:
Oga ka koma Windows kawai ka huta, mai shago ba shi da lokacin gwaje-gwaje hhh

Injiniya:
Wace Windows ɗin zai koma, wadda aka daina gyarawa, a shagon da filashi ashirin ke shiga kullum? Ai ko a Windows ɗin ma yanzu akwai winget, salon dai ɗaya ne, ka faɗi suna ta ɗauko maka daga rumbu.

Mamman Zinder:
Maganar bidiyo mai sauƙi ce, lokacin sa Mint akwai wani ɗan akwati na multimedia codecs, abubuwan da ke sa bidiyo da sauti su buɗe, da ake yi wa alama, ƙanin naka ya tsallake shi ne. Duba menu za ka ga Install Multimedia Codecs, ko ka sa VLC daga Software Manager. Rubutu kuwa ka buɗe terminal, kar baƙin allon nan ya tsorata ka, ka rubuta sudo apt install ttf-mscorefonts-installer, zai kawo Times New Roman da Arial da Verdana da sauransu. In ya nemi fasuwod ka rubuta ko da ba ka ga komai yana fitowa ba, haka yake, ni kwana na yi ina zaton madannaina ne suka lalace. Kuma in ka rubuta sunan wani umarni da babu shi a kwamfutar, sau da yawa shi da kansa zai gaya maka sunan abin da za ka saka, sai ka kwafa kawai.

Maman Sadiq:
Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa, data. A Software Manager abu ɗaya kan zo iri biyu, System Package da Flatpak. Flatpak ya fi zama sabo amma karon farko sai ya jawo kayan aikinsa na daban, ƙaramar manhaja sai ka ga ta nemi ɗaruruwan MB, ni haka ya cinye min data ta wata a zama ɗaya don ban duba ba. Kafin ka danna ka leƙa ƙasa yana rubuta girman abin, in dai ba dole ba ka ɗauki System Package, manyan kuma ka bari sai dare. Tunda takardun Hausa ma kuna bugawa, ka shiga saitin keyboard ka ƙara Hausa, ɗ da ƙ da ɓ su fito ba sai ka yi ta kwafo su ba.

Abban Ilham:
Allah ya saka da alheri, wifi ya kama, bidiyo ma ya buɗe har an zo an karɓa. Amma na rubutun ya tsaya a wani shafi mai dogon Turanci da Ok a ƙasa, na danna da linzami ya ƙi. Sannan katin biki fa, da CorelDraw nake yi.

Mamman Zinder:
Linzami ba ya aiki a wurin, danna Tab sai Ok ɗin ya yi haske, ka buga Enter, ka zaɓi Yes. Bayan ya gama ka rufe LibreOffice, manhajar da kake taifin da ita, ka sake buɗewa kafin ka nemi rubutun.

Injiniya:
CorelDraw ba ta da ta Linux Malam, wannan gaskiyar kenan. Wasu na gwada ta da Wine, manhajar da ke kunna kayan Windows a Linux, amma ba zan ce ka jingina sana'arka a kai ba. Sa Inkscape, ita ma ta zane ce, tana buɗe wasu fayilolin cdr na Corel, sai dai rubutu kan goce. Tsofaffin katunan da kake yawan maimaitawa ka kai wurin mai Corel ya fitar maka da su a PDF ko SVG, daga nan ka ci gaba da su.

Abban Ilham:
To madalla, Tab ɗin ya yi. Mai Corel ɗin da na sani dai maƙwabcin nan ne da ya ɗauke min kwastoma jiya, bari in saya masa lemo in je.