Da gaske ne gam ɗin ofis daga fata da ƙashi ake yin sa?

Ma'ajiya: Wani saƙo na yawo cewa duk gam da fata da ƙashin dabba ake dafa shi, har wanda ke bakin ambulan. Masana, me kuka ce?

Mai Ɗaurin Littafi: Hajiya, wannan tsohon zance ne. Gam na fata yana nan, amma ƙwaya-ƙwaya ake sayar da shi, a jiƙa, a ɗumama zuwa kusan digiri 60, in ya huce ya daskare. Farin gam na kwalba PVA ne, wato wani nau'in roba da ake haɗawa daga man fetur. Na bakin ambulan kuwa galibi sitaci ne ko ƙaro. In kina shakka, ƙona busasshen ɗigo: na dabba ƙaurin gashi yake yi.

Injiniya: Malam, ka wanke gam, na yarda. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Asid ɗin sitiyarik, wani sinadari mai kama da kaki, shi ne matsalar. Ana samun sa daga kitsen dabba, ana kuma samun sa daga man ja, kuma bayan an tace babu ƙaurin da zai bambanta su. Shi ake haɗawa da sinadarin zinki wajen gasa roba, don haka yana cikin robar ɗaure takardu. Yana cikin kalar kaki ta zane (kireyon), kuma da shi ake haɗa AKD, abin da ke hana tawada nasowa a takarda. Ko Bankin Ingila a 2016 ya amsa cewa akwai ɓurɓushin kitse a sabuwar takardar kuɗi ta fam 5 da aka yi da roba.

Ma'ajiya: To in nemi takardar SDS, wato takardar bayanin haɗarin sinadarai, ta kowane kaya ke nan?

Injiniya: Ba za ta kai ki ba. Abubuwa masu haɗari kawai take lissafawa, yawanci waɗanda suka kai kashi 1 cikin 100. Ko ta ambaci sitiyarik, lambarsa ta rajistar sinadarai ɗaya ce, CAS 57-11-4, na saniya ne ko na tsiro.

Malamar Zane: Ban yarda a ce rubutun da ke zuwa da kaya ba shi da amfani gaba ɗaya ba, Injiniya. A jikin fenti da tawadar zane akan buga lambar launi. PBk9 baƙin ƙonannen ƙashi ne, PBk7 kuwa daga mai ne ko iskar gas. Tawadar zane mai jure ruwa sau da yawa tana da shelak, wanda ƙwaro ke fitarwa. Takardar fentin ruwa kuma da jelatin ake shafe da yawa daga cikinta, jelatin kuwa daga fata da ƙashin dabba ake samun sa, yana ma iya zama na alade.

Injiniya: Haka ne, Malama, amma biro da hodar firinta ba sa zuwa da wannan lambar. Hajiya, rubuta wa kamfanin da lambar kayan da ta rukunin da aka buga. Kada ki ce "akwai dabba a ciki?", mai amsa waya zai ce babu. Ki ce: sitiyarik ɗinku da kakinku daga ina suke, kuma ku ba ni a rubuce daga mai sayar muku da sinadarin. Ki sake tambaya bayan shekara, domin suna sauya dillali in farashi ya motsa.