Power BI zai iya jan bayanai daga QaaWS kuwa?

Mai_Rahoto:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, manhajar rahotannin kasuwanci ta SAP BusinessObjects 4.2 muke amfani da ita. Wanda na gada ya bar mini tambayoyin bayanai da ya wallafa ta QaaWS (Query as a Web Service, kayan aikin da ke mayar da tambaya sabis ɗin yanar gizo) tun zamanin da ake gina allunan rahoto da Xcelsius, wanda ya dogara da Flash. Da Adobe ta daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020 allunan suka mutu, amma adiresoshin WSDL ɗin, waɗanda ake kiran tambayoyin ta cikinsu, suna nan da ransu. Yanzu oga ya ce Power BI, manhajar rahoto ta Microsoft, yake so, kuma lissafin ciniki ya zo daidai da na Webi (Web Intelligence, wurin gina rahoto a BusinessObjects), ko kobo kar ya bambanta. Ni kuma ba na son sake rubuta ƙa'idojin lissafi da ke cikin Universe ɗinmu (tsarin da ke tsakanin rahoto da rumbun bayanai), rangwame ne, kayan da aka dawo da su ne, duk suna ciki. Zan iya haɗa Power BI da adiresoshin nan kai tsaye?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Zai yiwu, amma za ka ji a jikinka. QaaWS da SOAP yake magana, wato ƙa'idar musayar saƙo da aka rubuta da tsarin XML, Power BI kuwa ba shi da mahaɗin SOAP a shirye. Sai ka rubuta saƙon XML da hannunka a Power Query (sashen jan bayanai na Power BI), ka tura shi ta umarnin Web.Contents, sannan ka zauna warware amsar layi-layi.

Wannan ma ba shi ne abin tsoron ba. QaaWS ba ya karanta rahoton da aka riga aka ajiye. Duk wanda ya danna sabuntawa, tambayar ce za ta sake tafiya rumbun bayanai daga farko. Ranar Litinin da safe manajoji su buɗe a lokaci guda, sai mai kula da rumbun ya zo nemanka har ofis. Shawarata: gina rahoton a Webi, ka sa ya riƙa gudana da asuba, ka wallafa teburin a matsayin BI Service (sabis ɗin yanar gizo na Webi) yana ɗauko kwafin rahoton na ƙarshe. Sau ɗaya rumbun zai yi aiki, kowa ya ɗiba.

Hajiya_Data:
Malam, kafin komai buɗe Universe ɗin ka duba iyakar layuka. Sau da yawa akan bar ta a 5000 yadda ta zo. Webi yakan nuna alamar cewa sakamakon bai cika ba, amma abin da ke jan bayanai ta sabis ba lallai ya gaya maka ba. Jimilla ta fito da kyau, alhali rabin shagunan babu su.

Mai_Rahoto:
Na gode Hajiya, na duba, 5000 ɗin ce kuwa. Yallabai Tsohon_Hannu, shi BI Service ɗin ba SOAP ba ne?

Tsohon_Hannu:
SOAP ne, wahalar XML tana nan, nauyin rumbun kawai ka sauke. In za ku iya hawa 4.3, a can Webi yana fitar da tebur ta OData, wata ƙa'idar musayar bayanai ta daban, Power BI kuma yana da mahaɗin OData nasa. Ka kuma sani QaaWS tsohon Universe na .unv kaɗai ya sani, ranar da kuka koma sabon samfurin, .unx, sai kun sake lale. Ka kai wa oga maganar 4.3 tun yanzu, kafin a rufe kasafin baɗi.