Allurar baya ga majinyacin da ke sashen kulawa ta musamman: mu sa hannu?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Yayana ya yi hatsari a hanyar Zariya, haƙarƙarinsa biyar sun karye, yanzu yana kwance a sashen kulawa ta musamman a wani asibiti nan Kaduna. Likitan sa barci yana neman mu sa hannu a saka masa wata siririyar roba a baya domin rage zafi, amma Hajiyarmu ta ƙi, saboda ta ji ana cewa allurar baya tana shanye ƙafafu. Don Allah masu sani su fahimtar da mu.

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Robar da ake nufi ba ta shiga cikin laka, ana ajiye ta ne a sararin da ke wajen rufinta, sannan a riƙa tura maganin kashe zafi kaɗan kaɗan na tsawon kwanaki. Mai karyayyen haƙarƙari yana gudun jan dogon numfashi da yin tari saboda azaba, sai majina ta taru a huhu, daga nan ciwon huhu ya biyo baya, wanda a wurina shi ne abin tsoro fiye da allurar. Idan zafin ya kwanta zai iya tari, kuma za a rage masa mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi wanda yawansa kan danne numfashi. Shanyewar ƙafa tana iya faruwa idan jini ya taru ya danne laka, amma da wuya ƙwarai ake ganin hakan.

Maman Husna:
Ni an yi mini allurar baya lokacin tiyatar haihuwa, sai dai tawa iri daban ce, sau ɗaya aka zuba maganin cikin ruwan laka, bayan sa'o'i kaɗan ƙafafuna suka dawo daidai. Ciwon kai ne ya dame ni na kwana biyu.

Ma'aikaciyar Jinya:
Haka ne, Maman Husna. Malam, kafin ku sa hannu ku sanar da likita idan yana shan maganin tsinka jini, domin ba a saka robar sai an tabbatar jininsa yana daskarewa yadda ya kamata, ba ya fama da cutar da ta bazu a jini, kuma bugun jininsa bai faɗi ba. Bayan an saka, idan ƙafafunsa suka yi nauyin da ke ƙaruwa, a kira likita nan take.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Gobe da safe zan kai Hajiya ta ji daga bakin likitan.