Wane suna za mu ba rauta da Hausa? Ni na tsaya a kan "mararrabi"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyar da kwamfuta da harshen gida, da malamanmu na Hausa da ke leƙo mu. Maganar da muka faro kan na'urar nan da ake rubuta router a jikin kwalinta, mu kuma muke ce mata rauta, ta yi tsawo ba mu tsayar da komai ba. Ga tawa shawarar. Amma sai na fara da aikin na'urar, don sunan da bai fito daga aikinta ba ɓatar da ɗalibi kawai zai yi.

A bakin yawancin mutanenmu, rauta na nufin akwatin waifai. Nan ne tushen ruɗanin. Akwatin da ke ofis ko shagon buga takardu na'urori ne da yawa aka cusa a kwali guda: akwai mai magana da kamfanin sadarwa, akwai mai watsa waifai, akwai mai haɗa kwamfutocin ɗakin da juna, sannan akwai rauta ta ainihi. Manyan rautocin da ke ɗauke da intanet ɗin duniya ba su da waifai ko kaɗan. Suna cikin ɗakuna masu sanyi, wayoyi ne kawai ke shiga suna fita.

To mene ne aikin nata? Hoton da ka tura wa ɗan'uwanka a WhatsApp ba ya tafiya a dunƙule. Yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki galibi ba ya wuce bayit 1500 (bayit ma'aunin girman data ne). Ni ƙulli nake ce wa yankin, wasu na cewa fakiti, kuma duka biyun sun zauna, mu bar wannan sai wata rana. Kowane ƙulli yana ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi. Adireshin nan shi ne IP, kuma a tsohon tsarin da har yau aka fi gani lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, irin su 192.168.1.1.

Rauta tana tsaye ne a tsakanin netwok biyu ko fiye. Idan na ce netwok a nan ba sabis ɗin waya nake nufi ba, ina nufin rukunin na'urorin da aka haɗa suna magana da juna. Ƙulli ya iso, ta duba adireshin inda za shi, ta duba jadawalin hanyoyin da ke wurinta, ta miƙa shi ga rauta ta gaba wadda ta fi dacewa. Shi ke nan. Ba ta raka shi, ba ta kuma jiran jin ko ya isa. Abu ɗaya take ƙarawa: akwai wata lamba a jikin ƙullin, sau da yawa tana farawa daga 64 ko 128, kowace rauta ta rage ɗaya. In ta kai sifili sai a jefar da ƙullin, don kada ya yi ta yawo a intanet har abada idan hanya ta rikice.

Yanzu mu auna sunayen da aka kawo.

"Na'urar rarraba intanet" shi ne wanda aka fi ji. Ya yi tsawo, kuma yana ƙarfafa kuskuren nan na akwatin waifai. Ɗalibin da ya tashi da shi zai ɗauka intanet wani abu ne da ake ɗebowa a raba wa mutane. Ranar da ka ce masa makaranta na iya haɗa ɗakin kwamfuta da ofishin shugaba ta hanyar rauta ba tare da intanet ba sam, sai ya tsaya yana kallonka.

Wani dattijo malaminmu ya kawo "madugu". Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗi a baki, kuma na fahimci abin da ya ja hankalinka, tunda madugu shi ne masanin hanya. Sai dai madugun da ya ɗauki ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja tare da su yake tafiya tun daga tashi har sauka, hanyar duka tana kansa. Rauta kuwa ba ta motsawa, kuma mataki ɗaya na gaba kawai take zaɓa. Ƙulli ba shi da madugu. Ƙulla biyu na hoto guda suna iya bin hanyoyi daban, na baya ya riga na gaba isa, sai tsarin TCP, wato ƙa'idar da ke kula da isar saƙo cikakke, a can wurin mai karɓa ya jera su, ya nemi a sake turo wanda ya ɓace. Wannan shi ne babban darasin da muke son ɗalibi ya kama, kuma madugu zai rufe masa shi. Amma Malam ya buɗe mana wata ƙofa: tsallen da ƙulli ke yi daga rauta zuwa rauta, ban ga kalmar da ta fi "zango" dacewa da shi ba. Ƙulli ya yi zango goma kafin ya isa. Wannan kam mu riƙe ta.

"Ƙofa" tana da tarihi a bayanta. Masana kwamfuta Vint Cerf da Bob Kahn, a takardarsu ta 1974 da ta aza harsashin TCP, da kalmar Turanci gateway, mai ma'anar mashiga, suka kira na'urar da ke haɗa netwok da netwok. Har gobe sunan yana nan a saitin kwamfuta da waya, a gurbin da ake rubuta adireshin rautar da za ka bi ka fita waje. Ina ganin mu bar wa wannan gurbin "ƙofar fita". Ga ɗan gida da ke da mafita ɗaya, ƙofa ce. Ga na'urar da hanyoyi hamsin suka haɗu a kanta, ƙofa ta yi kaɗan.

Shi ya sa na koma kan mararraba. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san Mararrabar Jos, inda mai zuwa Jos ke rabuwa da mai miƙewa arewa. Abin da ke faruwa ga ƙulli ke nan a cikin rauta. Amma mararraba wuri ce, mu kuma na'ura muke nema wa suna. Hausa ta riga ta ba mu ƙa'ida: sunan wuri yakan ƙare da a, kamar makaranta da marina da majema, sunan kayan aiki kuma yakan ƙare da i, kamar mabuɗi da ma'auni da magogi. Daga mararraba sai mu samu mararrabi, jam'insa mararrabai, kamar mabuɗi da mabuɗai. Ba mu aro komai ba, ba mu kuma karya harshe ba.

Mu gwada ta a jimla ta gaske. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Kuskure aka yi wajen gyara a cikin kamfanin, wanda ya sa aka janye sanarwar hanyoyin da ke kai wa ga wasu muhimman na'urorinsu. Da Hausa sai mu ce: mararrabai a faɗin duniya suka share hanyar daga jadawalinsu, ƙulli ya zo ya rasa inda za a miƙa shi. Duk wanda ya ji wannan ya fahimci abin da ya faru ko bai taɓa shiga ajin kwamfuta ba. Ka sa "na'urar rarraba intanet" a gurbin ka ji yadda maganar ke wargajewa.

Haka ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi nauyi a Najeriya amma bai mutu gaba ɗaya ba, saboda mararrabai sun karkatar da ƙulla zuwa wayoyin da suka rage.

Kalmar tana da rauninta. Na farko, "rarraba" na cikinta, don haka wani zai iya jin ma'anar rabon data maimakon rabuwar hanya. Wannan aikin malami ne a darasin farko, ya ɗaure ta da mararrabar hanya tun kafin ɗaya ma'anar ta shiga. Na biyu, idan aka ce "mararraban makaranta" ana nufin jam'i, zai yi kama da yadda wasu ke kiran mararrabar hanya. Na uku, mai shago a kasuwa ba zai daina cewa rauta ba, kuma ba na neman ya daina. Akwatin da ake saye ya ci gaba da zama rauta. A aji da littafi, inda ake bayanin aiki, a nan nake so mararrabi ya zauna.

Mai kwamfutar Windows ya buɗe wurin rubuta umarni, wato Command Prompt, ya rubuta tracert, ya bar tazara, ya sa adireshin wani shafi. Kowane layi da ya fito zango ɗaya ne, wato mararrabi ɗaya, ban da na ƙarshe wanda shi ne na'urar shafin, kuma na farkon shi ne ƙofar fitarka. Ku nuna wa ɗalibai wannan da waɗannan kalmomi uku, ku dawo ku faɗa mana inda suka yi tuntuɓe. Malamanmu na nahawu, a duba mana karin sautin kalmar da jam'inta. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka koyi abin da Faransanci, muna son jin ko ta zauna a kunnenku. Na'urar da ke haɗa kwamfutocin ɗaki guda da juna, wadda ake kira switch da Turanci, ita ce ta gaba, don "makunni" da wasu ke fassara ta da shi na fitila ne, bai shafe ta ba.