Sujadar yamma ko konsat, wai ina muka dosa ne?

Tsohuwar 'yar kwayar coci: Jama'a ni dai yau sai na amayar da abin da ke cina. Na zo sujadar yamma ranar Lahadi sai na tarar da tebur a bakin ƙofa ana tambayar tikiti, wai an ɗage sujada saboda konsat, kuma ba yau aka fara ba. Akwai waɗanda aiki baya barinsu su zo da safe, ma'aikatan asibiti, masu gadi, direbobi, ta yamman nan ita kaɗai gare su, a gabana wata ta juya da kayan aikinta a jiki ta tafi. Me zai hana a kai konsat ɗin Asabar? An mayar mana da gidan Allah wajen casu.

Mai jita: Casu kuma Mama? Haba Mama. Watanni muna rihazal har dare, muna azumi da addu'a a kan wannan daren, ki tashi ki ce casu. Wace waƙa ce a ciki bata kira sunan Yesu ba? Gaskiya kin ɓata min rai.

Dattijo: Ɗana sassauta murya, uwarka ce. Kuma in ana tsalle ana ihu fitilu ja da kore suna wulgawa a kan bagadi, me kake so a kira shi?

'Yar matasa: To Baba ai Dauda ma ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, ku duba 2 Sama'ila sura 6, wadda ta raina shi Mikal ce, matarsa, kuma kowa ya san yadda ta ƙare, har ta mutu bata haihu ba. Zabura 150 ta ce a yabi Ubangiji da ƙaho da garaya da kuge har da rawa. Shi ma casu ne?

Ɗan Mama: Dakata. Wa kike kira Mikal? Mahaifiyata kike wa baki ko me?

'Yar matasa: Ni ban ambaci sunan kowa ba, aya na kawo.

Dattijo: Mai kawo aya ya kawo duka. Amos 5:23 Ubangiji da kansa ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙi, ba zai saurari kiɗan molayensu ba. Sannan 1 Korantiyawa 14:40, a yi kome bisa tsari.

Malamin makarantar Lahadi: Baba da girmamawa, Amos saboda zaluntar talakawa ya faɗi haka, aya ta 24 maganar adalci take. Kuma wannan gardamar ta girme mu duka. Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, a birnin Geneva bai yarda da kayan kiɗa a sujada ba, Zabura kawai ake rerawa da baki. A Jamus kuwa a cocin Maryamu na birnin Lübeck an fara konsat ɗin yamma tun ƙarni na 17, wani makaɗi mai suna Buxtehude ya riƙe shi bayan ya zama mai kiɗan cocin a 1668, har shahararren makaɗin nan Bach ya taka da ƙafa ya je wurinsa a 1705. Amma ku lura a wancan lokacin bayan an tashi daga sujada ake yi, 'yan kasuwar garin ke biya, shiga kyauta ne.

Mai jita: Kun ji ko! Tun ƙarni na 17 ana yi. Sai a je a ce musu casu suke.

Shugabar kwaya: Ku 'yan band kada ku fake da Bature. Tun da aka sayo sifikun nan ba a jin muryar kwaya, mu yi ta waƙa kamar muna cikin rijiya ku kuna ta ƙara wa ganga sauti. Kuma makirfon ɗinmu guda biyu da kuka ara har yau shiru.

Mai ganga: Makirfon ɗin da kuka kawo mana a lalace? A tambayi mai kula da sito.

Shugabar kwaya: Ƙarya kake, lafiyarsu ƙalau.

Mai ganga: Anti ni kike ce wa maƙaryaci a gaban mutane?

Dattijo: Kun gani ko, abin da casu ke haifarwa kenan.

Ɗan kwamitin konsat: To ya isa haka, bari in tattara mana tunda ni ke kula da zauren. Abin da ya fito fili shi ne yawancinmu mun yarda kiɗa da rawa suna cikin Littafi Mai Tsarki, Malam ma ya tabbatar mana da tarihi cewa manyan coci sun daɗe suna konsat, kuma an nuna ayar Amos bata shafe mu ba. Matasan nan sun sha wahala, cocin ya cika maƙil a daren, ya kamata a yaba musu. Maganar makirfon a kai wa mai sito. Mama kuma muna roƙonki cikin ƙauna ki janye kalmar nan ta casu ki ba yaran haƙuri kafin rihazal na gaba. Na rufe zancen.