Wane suna za mu ba ɗan ƙwaron nan mai kashe tsutsar gero?

Ɗan Deba: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan ɗauki shirin noma a gidan rediyo a nan Gombe, kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, wato abin da Turawa ke kira parasitoid wasp. Wanda zan yi magana a kai shi ne Habrobracon hebetor, wanda ake saki a gonaki a Nijar da Mali da Burkina Faso saboda tsutsar da ke sassaƙe kan gero. Tsawonsa bai fi milimita 3 ba. Macen ce ke harbin tsutsa ta sandare, ta zuba mata ƙwai a jiki, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Me zan kira shi?

Malamin Gona: Ƙaramar rina. An gama.

'Yar Azare: Ranka ya daɗe, kada ka soma. Ka ce wa manomi za a rataya masa buhun rina a bakin gona? Ai washegari zai zo da famfon feshi. Wannan kuwa ba ya damun mutum. Zanzaro ya fi kusa, don shi ma tsutsa yake sumarwa ya kai ɗakinsa na laka saboda 'ya'yansa. Kakata cewa take yi zanzaro ba ya haihuwa, tsutsar ce ke rikiɗa ta zama shi. Ni dai na ce zanzaron tsutsa.

Baba Mai Nahawu: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Matsalar ba ta rina ko zanzaro ba ce, ta rabin farko na kalmar ce. Kaska na shan jinin saniya ta bar ta da rai, haka kauci yake yi wa bishiya shekara da shekaru. Wannan kuwa dole ya kashe wanda ya sauka a jikinsa kafin ya girma. Su kansu Turawan sai a 1913 wani masani mai suna Reuter ya ƙirƙiro musu kalmar. Mu ma mu ƙirƙira: cinye-maigida. Gininta ɗaya da hana-salla da ƙare-dangi.

Malamin Gona: Baba, a ce a rediyo "ku yi maraba da cinye-maigida"? Matan aure za su ɗauka shirin kishiyoyi aka fara.

Baba Mai Nahawu: Yaro, dariya ba hujja ba ce. Cima-zaune ma an yi mata dariya kafin ta zauna.

Malama Mai Ƙwari: Ina koyar da ilimin ƙwari a Bauchi, bari in ɗan dagula muku lissafi. Suna ɗaya kuke nema wa dubban iri. Dangi biyu manya, Braconidae inda naku yake da kuma Ichneumonidae, a ido kusan ɗaya suke. Sai ka shimfiɗa fiffiken gaba a ƙarƙashin madubin likita ka nemi wata 'yar jijiya guda, wadda dangi na biyu ke da ita, na farko ba su da ita. Akwai kuma Trichogramma da ba ta kai milimita 1 ba, ita ba ruwanta da tsutsa, cikin ƙwan malam-buɗe-littafin dare take zuba nata ƙwan. Gaɓoɓin tafin ƙafarta 3 ne, da su ake gane danginta, amma rarrabe iri da iri sai an duba al'aurar namijin ko a yi gwajin ƙwayoyin halitta. To ita ma zanzaron tsutsa ce?

'Yar Azare: Sai a ce zanzaron ƙwai, Malama. Ga shi kin ba mu biyu a kuɗin ɗaya.

Malama Mai Ƙwari: A rediyo na yarda. A aji sai sunan Latin ya biyo baya, kuma ba don ƙawa ba. Lokacin da farin ƙwaron rogo ya addabi Afirka, an fara kwaso abokan gābar wani ƙwaro mai kama da shi, suka ƙi aiki a kansa. Sai da aka samo abokan gabar ainihin ƙwaron a ƙasar Faragwai, sannan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta saki ɗaya daga cikinsu mai suna Anagyrus lopezi a 1981, rogo ya farfaɗo. Kuskuren gane iri ne ya jawo jinkirin.

Bakano: Tambaya ɗaya. Zanzaro kalma ce namiji, aikin kuwa mace ke yi. Za a ce "zanzaro ya yi ƙwai"? Ko da yake na manta, ku mutanen Bauchi da Gombe mace da namiji duk "shi" ne a wurinku.

'Yar Azare: Sauron da ya cije ka jiya mace ce, kuma a Kanon ma "sauro ya cije ni" kuke cewa. Kai ka taɓa ganin gero ya yi kai ne, ko sai a kwanon awo a Dawanau?

Bakano: Daidaitacciyar Hausa dai an san inda aka ɗauko ta.

Baba Mai Nahawu: Kun ga abin da nake gudu. Cinye-maigida ba ta da wannan rigimar, mace da namiji duk ta ɗauke su. Amma 'yan boko sun fi son faci a kan sabon ɗinki. Gobe wani zai zo ya ce farasitoyid, ku tafa masa.

Malamin Gona: Babu wanda ya ce haka, Baba. Ɗan Deba, abin da manomi ke buƙatar ji shi ne buhun: ɗan buhun algarara da gero a ciki, da tsutsar da ake kiwon ƙwaron a kanta, da matan ƙwaron da aka riga aka barbara. A rataye, su hayayyafa su fito su bazu. Kuma kada a bi su da feshi. Ko ka kira su sojojin gero ma zai gane.

Ɗan Deba: Sha biyun dare ta wuce, ga abin da na rubuta: "zanzaron tsutsa, ɗan mitsitsin ƙwaro da ba ya cutar da mutum, wanda 'ya'yansa ke cinye tsutsar gero." Sunan Latin zan faɗa sau ɗaya saboda Malama, in harshena bai harɗe ba. Baba, zan ce wasu masana na kiran irinsu cinye-maigida.

Baba Mai Nahawu: "Wasu masana" kuma? Mutum ɗaya ne, kuma ka san shi. To, na ji. Amma ka sa karan ɗori a tsakani, kada mai buga rubutun ya haɗe min su.

Bakano: Ni dai har yanzu "ya yi ƙwai" ɗin nan bai kwanta min ba.