Zawon da ke biyo bayan magani: wane suna za mu ba shi?

Jama'a, ku taya ni. Ina tafinta wa 'yan uwanmu a wani asibiti a Jidda, kuma akwai ciwon da har yau ban samu sunansa da Hausa ba. Likitoci na ce wa ƙwayarsa Clostridioides difficile, a taƙaice Sidif.

Makon jiya wata Hajiya daga Kano ta tare ni a bakin inaya, wato sashen kulawa ta musamman. Mijinta na kan na'urar numfashi, an yi kwanaki ana ba shi antibayotik saboda ciwon huhu, sai zawo ya ɓarke, ciki ya kumbura. Ta ga ma'aikata na sa riga da safar hannu kafin su shiga, ta riƙe hannuna tana rawa: "'Yata, kwalara ce?" Na ce a'a, Hajiya. "To atini?" Nan ma a'a. Sai na rasa abin da zan ce.

Ga yadda abin yake. Hanjin mutum cike yake da ƙwayoyi masu amfani, su ne masu gida. Antibayotik mai ƙarfi ba ya tantancewa, yana kashe mugu da nagari. Idan gida ya zama kango, Sidif sai ta bazu, ta saki dafi iri biyu, A da B, su ƙona babban hanji. Tun 1935 aka gano ta, amma sai 1978 aka tabbatar ita ce ke jawo wannan kumburin.

Wani yayanmu a Makka ya ce a kira shi "zawon asibiti". Na ƙi. Ana kamuwa da shi a gida ma, kuma sunan zai sa mutane gudun kwanciya. Wata ƙanwa ta kawo "zawon magani". Wannan ya fi ba ni tsoro, domin gobe wani zai jefar da maganinsa rabi, alhali maganin wannan ciwon shi kansa antibayotik ne: bankomaisin, miligiram 125 sau huɗu a rana, kwana goma. Kuma ta baki ake ba da shi, ko ta robar hanci, don na jijiya ba ya isa cikin hanji. Idan ya yi tsanani, awon jini ya faɗi ƙasa ko hanji ya tsaya, ana ɗagawa zuwa 500, a haɗa da Flagyl ta jijiya, wani lokaci har tiyata.

Ni dai na tsaya a kan "zawon mamaya". Sunan na ɗauke da bayaninsa: baƙuwa ce ta mamaye gidan da aka kashe masu shi. Ƙwayar kuma a bar ta Sidif, kamar yadda muka bar kwalara.

Na gwada shi a kan Hajiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe mai mamaya ce. To kada ta bi mu gida." Daga nan ta saurare ni da kyau: sanitaiza ba ya kashe ƙwan Sidif, wato irinta mai taurin ɓawo da ke maƙalewa a hannu da kaya, sai dai a wanke shi daga hannu da ruwa da sabulu, ƙarfen gado da makewayi kuma a goge su da Clorox, wato bilic. Yanzu ita ke tsayar da 'ya'yanta a bakin famfo kafin su fita.

Wanda ke Madina ko Riyad, idan kun ji wani suna a bakin tsofaffinmu, ku kawo kafin Juma'a, ranar zan rubuta takardar bayani ga masu jinya.